Taya Ɗaya Sabuwa, Uku Suɗaɗɗu: Lissafin da Masu Hilux da Jif Ke Tsallakewa Tsakanin Tambuwal da Kebbe

Akwai matashin da ba zai taɓa yarda a jona wa wayarsa cajar da ba tata ba. Zai ce tana kashe batir, tana sa waya zafi, kuma gaskiyarsa ce. Amma idan aka aike shi wajen mai faci da Hilux ɗin gidansu ko ta wurin aiki, ko a jikinsa a ɗaura taya ɗaya sabuwa fil a bar sauran ukun da suka ci rabin zanensu. Alhali wayar ta dubbai ce, motar ta miliyoyi, kuma motar ce ke ɗaukar rayuka.

A motar da ke ja da ƙafa huɗu, tayoyin nan huɗu tamkar na'ura ɗaya suke, domin ƙarfe ya haɗa su, kwamfuta kuma tana ƙirga juyinsu. Wanda ya sauya ɗaya bai auna sauran ba ya ci bashin da zai biya a gareji, ko a tsakiyar daji. Sai dai shawarar da ta cika intanet, wai a sauya duka huɗu a lokaci ɗaya, an rubuta ta ne don aljihun wasu ƙasashe. Abin da mai mota a kudancin Sakkwato zai iya yi, kuma ya wajaba ya yi, shi ne awo.

Hanya biyu a yini ɗaya

Tambuwal tana kan babbar hanyar A1, wadda ta taso daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari ta wuce Jega a Jihar Kebbi. Kwalta ce, mota na sakin jiki ta yi gudu. Kebbe kuwa tana kudu da Tambuwal, tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, kuma da zarar an saki babban titi an nufi ƙauyuka da gonaki, sai burji da yashi, sai laka idan damina ta kankama a watan Agusta. Motar ma'aikatan rigakafi, ta jami'an tsaro, ta mai ɗauko buhunan hatsi daga gona, ta ɗan siyasa mai zagayen mazaɓa, duk suna taka hanyoyin nan biyu a yini ɗaya.

Wannan haɗin ne ke sa matsalar ta ɓuya. A cikin yashi da laka taya tana ɗan zamewa, don haka bambancin da ke tsakanin tayoyi yana fita ta ƙasa ba wanda ya ji. A kan kwalta kuwa taya tana kama ƙasa gam, bambancin ba shi da mafita sai ta cikin ƙarfen mota. Direba zai rantse motarsa lafiya lau take tunda ta fito daga laka ba ta maƙale ba, alhali ɓarnar tana faruwa ne a kan titi mai kyau.

Lissafin da kowace waya za ta iya

A gefen tayar Hilux da Prado da yawa an rubuta 265/65 R17. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin. Ta uku girman rim ne a inci. Idan aka buɗe kalkuleta a waya aka buga 265 sau 0.65, aka ninka biyu saboda sama da ƙasa, aka ƙara 17 sau 25.4, za a samu tsayin tayar kimanin milimita 776. A ninka da 3.14, kewayenta ya kama mita 2.44. Ke nan tana juyawa kusan sau 410 a kowace kilomita.

Yanzu a ɗauki tsohuwar da ke gefenta, wadda zanenta ya ragu da milimita 6. Tunda ta ragu sama da ƙasa, tsayinta ya sauka da milimita 12, ya koma 764. Kewayenta ya gaza na sabuwar da kusan santimita 3.8. Don ta cinye kilomita ɗaya sai ta juya sama da sau 416. Daga Sakkwato zuwa Tambuwal kimanin kilomita 100 ne, don haka tsohuwar tayar za ta fi sabuwar juyi fiye da 600 kafin a iso. Nauyin kaya da yawan iska suna ɗan canja adadin, amma ratar tana nan.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan taya bai sani ba. Babu idon da zai kalli tayoyi biyu masu tsayin kusan santimita 78 ya gane ɗaya ta gaza da santimita ɗaya da ɗan kai. Kamfanin Subaru, wanda kusan duk motocinsa ke ja da ƙafa huɗu, yana son bambancin kewayen tayoyi kada ya wuce rubu'in inci, wato kimanin milimita 6. Misalin da ke sama ya ninka wannan sau shida. Littafin jagoran motocin Toyota ma ya yi gargaɗi a kan haɗa tayoyi na kamfanoni daban, masu zane daban, ko waɗanda suɗewarsu ta yi nisa da juna. Ana samun littafin kyauta a intanet, amma ƙalilan ne ke buɗe shi.

Akwai wanda ya fi wannan muni: a rasa 265/65 R17 a shago, a karɓi 265/70 R17 tunda ta hau rim. Ta hau, amma ta fi 'yar uwarta tsayi da milimita 26, wato sama da kashi 3 cikin 100. Wannan ya ninka misalin farko sau biyu.

Ba duk ogzilari ne iri ɗaya ba

Kafin a yanke hukunci, sai mai mota ya san irin tsarin da ke ƙarƙashin motarsa, domin haɗarin bai zama ɗaya ba.

A tsakiyar ƙafafun baya akwai tulun ƙarfen da makanikai ke kira aksul. A cikinsa akwai ƙananan giyoyi da aikinsu shi ne barin ƙafar waje ta fi ta ciki juyawa idan mota ta sha kwana. An yi su ne su yi aiki na ɗan lokaci su huta. Idan tayar dama ta fi ta hagu girma, a wajen aksul motar kwana take sha tun daga Bodinga har Jega. Wannan ya shafi kowace mota, kuma ya fi cutar da aksul mai kuloci a ciki, irin wanda ke hana ƙafa ɗaya juyawa a banza.

Iri na farko shi ne na Hilux, mai 2H da 4H da 4L. A 2H ƙafafun baya kawai ke ja, don haka idan na gaba sun ɗan bambanta da na baya, ba su da ƙarfen da zai sa su yi faɗa. Da zarar an saka 4H, akwatin ogzilari yana kulle gaba da baya su juya daidai wa daida, babu mai sasanta su. A laka wannan shi ne ƙarfin motar. A kan kwalta kuwa, ko da tayoyin duka sababbi ne, bai kamata a bar ta a 4H ba. Idan kuma na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, ko a miƙaƙƙiyar hanya farfela da giyoyi suna murɗuwa kamar igiyar da ake tufkawa. Alamun su ne sitiyari ya yi nauyi, taya ta riƙa ƙara ko tsalle a kwana, ogzilari ya ƙi fita sai an ja da baya. Direban da ya fito daga ƙauyukan Kebbe da damina ya hau titin Tambuwal ya manta bai cire 4H ba, shi ne ya fi kowa shiga wannan tarko.

Iri na biyu shi ne na Prado da manyan Land Cruiser na zamani, waɗanda ke ja da ƙafa huɗu kodayaushe. Suna da mai raba juyi a tsakiya, wanda ke shanye bambancin gaba da baya. Yana iya shanyewa, amma kamar aksul ne, ba a yi shi don ya yi aiki ba hutu ba. Sakamakon shi ne zafi da saurin cinyewa.

Iri na uku shi ne na ƙananan jif irin su RAV4, Highlander, Lexus RX da Honda CR-V. Da yawansu suna ja da gaba ne, sai an ga alamar zamewa a tura ƙarfi baya, wasu ta hanyar kuloci mai aiki da lantarki, tsofaffin ta hanyar haɗi mai ruwa mai kauri a ciki. Waɗannan su ne suka fi rashin haƙuri da tayoyi marasa daidaito, domin a wajensu bambancin juyi na nufin zamewa. Haɗin zai riƙa kamawa a inda babu buƙata har ya ƙone, kuma kayansa ba a kowane gareji ake samu ba. Wasu daga cikin irin waɗannan motoci kuwa gaba kawai suke ja. Leƙawa ƙarƙashi a ga ko akwai farfelar da ta tafi baya ta isa ta raba gardama.

Kwamfuta ba ta ganin taya

Motar zamani tana da sansa a kowace ƙafa da ke aika wa kwamfutar mota saurin juyin wannan ƙafar. Da waɗannan lambobi huɗu birkin ABS ke aiki, da su na'urar hana zamewa ke yanke shawarar taka wa ƙafa ɗaya birki ko rage ƙarfin inji, kuma a wasu motoci da su ake gane taya ta rage iska. Kwamfutar ba ta san wace taya ce sabuwa ba. Lambobi kawai take karɓa, tana ɗauka tayoyin girmansu ɗaya.

Duk mai rubuta manhaja ya san cewa idan bayanin da aka shigar gurɓatacce ne, amsar ma gurɓatacciya za ta fito komai kyawun manhajar. Ƙaramin bambanci kwamfutar tana kawar da kai. Babba kuwa, irin na haɗa girma daban, yana iya kunna fitilar gargaɗi ko ya sa na'urar hana zamewa ta tsoma baki a inda bai dace ba. Abin takaici, maganin da aka fi yi wa fitilar shi ne a goge ta da na'ura a ci gaba da tafiya, a bar tayar da ta jawo ta.

To ina kuɗin taya huɗu?

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren masu sayen ɗai-ɗai, kuma bai kamata a raina ta ba. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Tun daga nan kasuwar Najeriya ta dogara da tayar waje, farashinta yana bin dala, kuma bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda kayan waje suka tashi. A Amurka akwai shagunan da ke aske sabuwar taya da inji har zanenta ya yi daidai da na tsofaffin. Mai motar da kututture ya tsage wa taya a hanyar gona ba shi da wannan gata. Taya ɗaya yake nema ya koma gida kafin magariba.

Babu laifi a wannan. Laifin yana cikin mayar da maganin gaggawa ya zama na dindindin. Tayar da aka ɗaura don a isa gida takan zauna a wurin shekara guda ba wanda ya sake duba ta. Kuma idan aka kwatanta kuɗin taya ta biyu da kuɗin akwatin ogzilari ko aksul, da kwanakin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo ba, tsimin ya zama asara. Ga kuma abin da ba a saya da kuɗi: lalacewar mota a hanyar daji da yamma, a yankin da sabis ɗin waya ke zuwa yana ɗaukewa, a wannan zamani na rashin tsaro.

Hujja ta biyu ita ce tayar hannu, 'yar Kwatano. Wasu na cewa ai tsohuwa da tsofaffi sun fi daidaituwa. Ta fuskar tsayi akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma tayar hannu tana cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigowa da su, ban da wasu manyan tayoyin tirela da ake sake wa zane, kuma dalilin a fili yake: babu wanda ya san ramin da ta faɗa ko shekarun da ta yi a rana. A yankin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, tayar da robarta ta bushe ba ta ba da sanarwa kafin ta fashe.

A kusa da rim akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka ƙera tayar. Misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana cewa wa'adin taya shekara 4 ne. Michelin kuwa na cewa bayan shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada kuma ta wuce shekara 10. Ko wanne mutum ya bi, sai ya fara karanta lambar.

Sababbin baya za su

Idan ƙarfin mutum taya biyu ne, al'adar da aka saba ita ce a sa su a gaba saboda sitiyari. Manyan kamfanonin taya akasin haka suke cewa. Idan gaba ta zame, direba yana ji a hannunsa, ya sassauta totur motar ta dawo. Idan baya ta zame a jiƙaƙƙiyar kwalta, ko ta fashe, motar juyawa take yi, kuma jif mai tsayi ta fi ƙaramar mota saurin kifewa.

Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, cikin Lexus LX 570. Rahoton FRSC ya nuna tayar baya ce ta fashe ana cikin gudu, direba ya taka birki da ƙarfi, motar ta ƙwace ta wuntsila. Abin da ya shafi wannan magana a cikin labarin shi ne wurin da tayar take. Mota ce ta alfarma mai ja da ƙafa huɗu, cike da na'urorin kariya, amma taya ɗaya ta baya ta fi ƙarfinsu duka. Baya ba wurin jefa raunanniyar taya ba ce.

Abin da za a iya yi da waya da tef ɗin tela

Na farko, a tabbatar lambobin girma iri ɗaya ne a kan duka huɗun da safaya, a ɗauki hotonsu da na DOT a ajiye a waya. Ranar sayen taya hoton zai hana a karɓi abin da ya hau rim kawai.

Na biyu, a auna. Gejin zurfin zane ƙaramin abu ne mai araha, akwai na dijital. Wanda bai da shi ya ɗaga ƙafa da jak ya zagaya tef ɗin tela ta tsakiyar tayar. Ko kuma a daidaita iska, a sa alamar alli a ƙasan kowace taya daidai inda ta taɓa ƙasa, a tuƙa a miƙe a hankali ba tare da an kulle ogzilari ba, har ɗaya ta juya sau 10. A misalin da ya gabata, alamun za su rabu da kusan santimita 38, wanda ko yaro zai gani. Taya kuma tana da 'yan tudu a cikin ramin zanenta masu tsayin milimita 1.6. Idan zanen ya yi daidai da su, ta gama aiki.

Na uku, idan ratar ta yi yawa, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, muddin ba su yi wa na gaba nisa ba. A Hilux da ke yini a 2H wannan yana wadatarwa. A jif mai ja da ƙafa huɗu kodayaushe, idan na gaban sun suɗe sosai, gaskiya mai ɗaci ita ce huɗun ake buƙata, ko a rage tafiya har a tara kuɗin.

Na huɗu, wanda ya fi duka araha: juya tayoyi duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, a sa har da safaya idan girmanta da rim ɗinta ɗaya ne da sauran, sai dai tayar da ke da kibiya a gefe ba a sauya mata ɓangare. Safayar da ke rataye ƙarƙashin Hilux shekara uku ba ta taka ƙasa ba, ranar da aka ɗaura ta ita ce sabuwa a cikin suɗaɗɗu. Wadda ke shiga zagaye kuwa tana suɗewa tare da 'yan uwanta, don haka ranar da ɗaya ta tsage akwai madadi daidai da su. Tunatarwa ɗaya a kalandar waya ta isa.

Na biyar, kada a rage wa sabuwar taya iska wai don ta yi daidai da tsofaffi. Taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka, zafi kuma ke fasa ta. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Akwai murafun bawul masu aika awon iska zuwa waya ta Bluetooth, suna da amfani, amma ba sa auna suɗewa.

Na ƙarshe, da zarar ƙafa ta hau kwalta, a cire 4H.

Nauyin ya rataya a kan mutum uku. Mai faci da mai shagon taya ya kamata su ajiye geji kusa da sifana, su faɗa wa mai mota gaskiya ko da zai tafi da taya ɗaya. Masu kula da motocin hukuma da na asibiti da na ƙungiyoyi ya kamata su riƙa sayen taya bibbiyu ko hurhuɗu, su rubuta ranar da aka ɗaura kowace. Sai matashin da ke riƙe da waya, wanda a gidaje da yawa shi ake cewa ya duba a intanet. Shi ne zai iya buɗe littafin motar, ya buga lissafin, ya nuna wa Baba ko Yaya lambar a fuskar waya cikin ladabi. Aikin bai kai minti 15 ba, kuma a ƙofar gida ake yin sa, kafin a kama hanyar Kebbe.